Surfanin Da Ba Zare Ba Allura

Duk yaron da ya taɓa zama kusa da maɗinki a zaure ya san abin da a ke kira surfani. Maɗinki ya kan baje babbar riga a bisa cinyarsa, ya sunkuyar da kai, ya yi ta sukar allura tun da hantsi har la'asar, amma in ka duba ba za ka ga aikin ya ƙaru da abin da ya fi tafin hannu ba. Sai bayan wata biyu ko uku, ran da aka ɗaga rigar, sa'an nan za ka ga aska takwas ta fito sosai, ga tambari ya kewaya a gefe guda, kowa ya gani ya yi sha'awa.

To, akwai wani irin surfani dabam, wanda ba a yinsa da zare, ba a yinsa da allura, ba kuma a kan tufa a ke yinsa ba. A kan abinci a ke yinsa, watau kek, gurasar nan mai zaƙi ta Turawa wadda a ke yi da fulawa da ƙwai da man shanu da sukari. In ka hangi irin wannan kek daga nesa, sai ka rantse farin yadi mai ɗinkin alharini aka lulluɓa masa. Ga furanni, ga ganyaye, ga sawun zare ɗaya bayan ɗaya. Kana tsaye kana mamaki sai ka ga an sa wuƙa an yanka, mutane suna cin furannin. Ashe duk sukari ne.

Inda Sana'ar Ta Fito

Ƙasar Ingila ita ce gidan wannan sana'a. A can, in za a yi aure, al'ada ce a toya babban kek, a ajiye shi inda kowa zai gani. Ango da amarya su kama wuƙa ɗaya tare su yanka, sa'an nan a rarraba wa waɗanda suka zo biki. Wanda bai sami zuwa ba ma a kan sa masa ɗan yanki a ƙaramin kwali a aika masa, kamar yadda a ke aika wa mutum goron ɗaurin aure.

Cikin shekarar 1769 wata mace a birnin Manchesta, sunanta Elizabeth Raffald, wadda ta yi aikin kula da abinci a gidajen manya, ta wallafa littafin girki. A ciki ta bayyana yadda za a yi wa kek ɗin amarya rufi biyu. Na ƙasa da niƙaƙƙen almon, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, na sama kuwa da sukari da farin ƙwai. In rufin saman nan ya bushe sai ya yi fari, ya yi santsi kamar ƙanƙara. Sunan da Turawa su ke kiransa da shi ma daga kalmar ƙanƙara ya fito a harshensu.

A zamanin nan sukari abu ne mai tsada ƙwarai. A jirgin ruwa a ke kawo shi daga tsibiran Karibiyan, inda bayin da aka kwashe daga Afirka su ke noman rake cikin azaba. Ba gari ya ke zuwa ba, curi ne mai tauri, sai an farfasa an daka an tankaɗe. Gwargwadon tacewarsa gwargwadon farinsa, gwargwadon farinsa kuwa gwargwadon tsadarsa. Saboda haka in baƙi suka ga kek fari fat, ba sai an gaya musu ba, sun san uban amarya ya kashe kuɗi. Sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta yi aure cikin 1840, kek ɗinta fari ne, nauyinsa wajen laba 300, watau kilo 136, kewayensa kuwa yadi uku.

Daga baya sukari ya yi ta yin araha, har cikin 1874 gwamnatin Ingila ta soke kuɗin fiton da a ke biya a kansa. Talaka ma ya sami ikon yi wa 'yarsa farin kek. Da fari ya zama na kowa, sai gasa ta koma wajen ado. Masu toye-toye suka shiga ƙoƙarin zana wa kek igiyoyi da furanni da raga, kowa yana so ya nuna hannunsa ya fi na wani. Ɗaya daga cikin gwanayensu, Joseph Lambeth, ya wallafa littafi cikin 1934 a kan yadda a ke ɗora layin sukari bisa layi har ado ya taso, har yanzu kuwa da sunansa a ke kiran wannan hanya.

Zaren Sukari

Maɗinki ba ya fara aiki sai ya sami zare nagari. Zaren mai kek shi ne kwaɓin sukari, wanda Turawa su ke yi wa laƙabi da kwaɓin sarauta. Abu biyu ne kurum a ciki: farin ƙwai, da garin sukari mai laushi kamar hoda. Ga laba ɗaya ta sukari, watau giram 450, a kan sa farin ƙwai biyu ko uku, gwargwadon girman ƙwan. Wasu su kan ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan.

Me ya sa farin ƙwai? Wanda ya taɓa barin kwanon da aka fasa ƙwai a ciki ya kwana ba a wanke ba, ya san yadda ya ke bushewa ya kama kwano kankan. Aikin da ya ke yi a kwaɓi ke nan. Shi ne ke riƙe ƙwayoyin sukari wuri ɗaya, kamar yadda ƙaro ya ke riƙe tawada a jikin allo. In ruwan ciki ya ƙafe, sai sukarin ya tsaya daidai yadda aka zana shi, ba ya motsi.

A kan zuba sukarin kaɗan-kaɗan ana bugawa da cokali, har hannu ya gaji. Bugun nan ba don gauraya kaɗai ba ne, iska a ke shigarwa. Ku dubi ruwan sabulu: ba shi da launi, amma in aka kaɗa shi ya yi kumfa, sai kumfar ta yi fari. Haka kwaɓin ya ke. Da fari launinsa kamar na kunu ne, in ya sha bugu sai ya yi fari tas, ya yi sauƙin fita. Babban abokin gabansa a nan shi ne maiƙo. In ƙwanduwa ko ɗigo ɗaya ta faɗa cikin farin ƙwan, ko kwanon yana da sauran mai, kumfa ba za ta tashi sosai ba. Don haka a kan wanke kwano da cokali da ruwan zafi, a goge su ƙaf kafin a fara. A zamanin yau da yawa ba su amfani da ɗanyen ƙwai, gama ya kan ɗauki ƙwayar cuta mai ɓata ciki. Akwai garin farin ƙwai da aka busar, aka kashe ƙwayoyin cutar da zafi, shi su ke jiƙawa da ruwa.

Sanin daidai kaurin kwaɓi shi ne rabin sana'ar. Mai aiki ta kan tsoma cokali ta ɗaga. In kwaɓin ya biyo cokali ya yi tsini, tsinin ya tsaya, kansa kaɗai ya ɗan lanƙwasa, to, ya yi. In ya yi tauri ya fi haka, hannu zai gaji da matsa, layi ya yi ta tsinkewa. In ya yi ruwa, duk abin da aka zana zai baje ya zama tabo. Ba a gyara shi da ludayi, da ɗigo a ke ƙara ruwa. In an gama sai a rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, in ba haka ba nan da nan samansa ya yi ɓawo.

Allurar kuma fa? A kan yanke takardar da mai ba ya ratsawa, a yi ta kusurwa uku, a naɗe ta kamar mazurari, a jefa ɗan bakin ƙarfe mai huji a ƙarshenta, a zuba kwaɓi, a ninke sama. 'Yan mata da su ke ganin masu ƙunshi suna zanen lalle da ƙullin leda mai tsini sun riga sun san dabarar, ita ce dai. Bakunan ƙarfen nan suna da lamba. Gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon sirantar layi. Da lamba 1 ko 2 a kan yi yawancin surfani, akwai kuma lamba 0 wadda layinta bai fi zaren ɗinki kauri ba. Hujinta ƙanƙane ne, har gudajin sukari ɗaya ya isa ya toshe shi. Abin da ya sa ke nan a ke tankaɗe garin sau biyu ko uku.

Shimfiɗa Da Zane

Ba ko wane kek ya ke jure dogon aiki ba. Mai laushin nan kwana kaɗan ya ke yi ya lalace, surfani kuwa ya kan ci kwanaki. Saboda haka kek ɗin aure na Ingila na asali mai nauyi ne, baƙi-baƙi, cike da zabibi da sauran busassun 'ya'yan itatuwa. Yawan sukarin da ke ciki ya kan hana shi ruɓa har watanni. Wani ɗan yanki na kek ɗin Sarauniya Biktoriya ya yi ta zama a cikin kwalinsa, har aka yi gwanjonsa a Landan cikin 2016, bayan shekara 176, aka saye shi fam 1,500. Ba dai don a ci ba.

Irin wannan kek yana tsattsafo da mai mai launin ƙasa. In aka ɗora masa farin sukari kai tsaye, bayan 'yan kwanaki sai tabo ya ɓullo. Amfanin rufin almon ɗin nan na ƙasa ke nan, shi ke tare man. A bisansa a ke yin shimfiɗar da za ta zama kamar yadi. Wasu su kan shafa kwaɓin sarauta sau biyu ko uku, ko wane shafi sai ya bushe a ƙara wani. Wasu kuwa su kan yi wani kwaɓin sukari mai danƙo, su murza shi ya yi faɗi kamar fulawar da za a yanka cincin, su ɗauka su lulluɓa wa kek, su shafe da tafin hannu har ya kwanta sumul. Sa'an nan a bar shi ya kwana, don samansa ya yi ƙarfi.

A ƙasar Hausa, kafin maɗinki ya soki riga, a kan kai ta wurin mai zane, ya fitar da siffar askar da alƙalami da tawada. Kek ma sai an yi masa zane, amma ba a sa wa abinci tawada ko fensir. Dabarar da a ke yi ita ce, a zana furen a kan takarda mai shara-shara, a ɗora a jikin kek, a ɗauki allura mai tsabta a bi layin ana 'yan soke-soke. In aka ɗaga takarda sai a ga furen ya fito da ƙananan ɗigo, kamar sawun tururuwa. Waɗannan ɗigo hannu zai bi.

Yadda A Ke Fitar Da Fure

Maza suna wannan sana'a, mata ma suna yi. Ga yadda wata gwana za ta yi fure ɗaya mai kunne biyar, watau 'yan fallayen nan da su ke kewaye da tsakiyar fure.

Ba da ko wane kunne ta ga dama za ta fara ba. Da na baya za ta fara, wanda sauran suka ɗan rufe, ta ƙare da na gaba. Mai baibayar ɗaki ma daga ƙasa ya ke farawa, don ciyawar sama ta rufe kan ta ƙasa. In ta fara da na gaba, sa'ad da ta zo yin na baya za ta ɓata wanda ta riga ta gama.

Ta riƙe mazurari a hannun dama, babban yatsa yana matsawa daga sama, yatsan hagu ɗaya yana tallafe da shi don kada ya yi rawa. Ta bi bakin kunne ɗaya da layin kwaɓi, daga wannan gefe zuwa wancan. Kunne ɗaya tak, ba biyu ba. Nan da nan ta ajiye mazurari, ta ɗauki ɗan burushi mai laushi, irin na masu zanen hoto, wanda ba a taɓa sa shi a fenti ba. Ta tsoma shi a ruwa mai tsabta, ta danna a tsumma har ya rage danshi kurum. Sa'an nan ta ɗora bakin burushin a jikin layin ta wajen ciki, ta jawo kwaɓin zuwa tsakiyar fure. Ta ɗaga, ta matsa gaba kaɗan, ta sake jawowa. Haka za ta yi ta yi, ja kusa da ja, har ta kai ƙarshen layin.

A nan gwaninta ta ke. Ba ta taɓa bakin layin na waje, sai ta bar shi a tashe kamar kunyar gona. Daga nan kwaɓin ya yi ta raguwa, ya yi ta sirancewa, har kusa da tsakiya a fara hango launin shimfiɗar ta ƙarƙashinsa. Ko wane gashi na burushi kuwa ya bar sawunsa, siriri, kamar zare ɗaya. In burushin ya cika ruwa, sawun zai narke, kunnen ya zama shafe. In ya bushe ƙayau, zai kama kwaɓin ya yayyaga shi. In kuma ta yi nawa, minti biyu ko uku kaɗai, layin ya yi ɓawo, ya ƙi jawuwa, sai dai ya farfashe. Ga shi aikin yana son hanzari, ga shi kuma garaje ba ƙarfi ba ne.

Akwai wata doka guda wadda sabon hannu ya fi karyawa. Dole duk jan ya nufi wuri ɗaya, watau inda kunnen ya manne da tsakiyar fure. In ganye ne, sai a ja daga baki zuwa jijiyar tsakiya a karkace, yadda jijiyoyin ganye na gaske su ke. Ku tsinko ganyen mangwaro ku ɗaga shi wajen rana, za ku ga hanyar da burushi zai bi. Wanda ya ja nan ya ja can yadda ya ga dama, abin da zai samu ba fure ba ne, wurin da kaza ta yi tono ne.

In kunnuwa biyar sun cika, sai ta koma tsakiya ta ɗiɗɗiga 'yan ƙananan ɗigo, su zama kamar ƙulle-ƙullen zare. Ko wane ɗigo ya kan fito da ɗan tsini inda aka ɗaga mazurari, sai ta kwantar da shi da bakin burushi. Fure ɗaya ya ƙare. Watakila saura talatin.

Abin Da Ke Ruɗin Ido

Me ya sa mutum zai dubi sukari ya ce zare ne? Ku ɗauki hular ɗinkin hannu ku kai ta bakin ƙofa da safe, inda haske ke shigowa ta gefe. Za ku ga ko wane zare ya ɗan taso, gefensa ɗaya yana da haske, ɗaya gefen yana da 'yar inuwa. Zaruruwan kuma suna kwance kusa da juna, duk sun fuskanci waje ɗaya. Ido ba ya ƙirga zare. Abin da ya ke kamawa shi ne wannan jerin haske da inuwa, daga nan ya ce wa zuciya, ga ɗinki.

To, sawun burushi ma tudu da kwari ne, jere da juna, suna fuskantar waje ɗaya. Haske ya faɗa musu kamar yadda ya ke faɗa wa zare, ido kuwa ya ba da shaidar da ya saba bayarwa. Shi ya sa farin surfani a kan farar shimfiɗa ya ke fitowa sarai ko da ba a sa launi ba, inuwa ce ke fitar da shi. Shi ya sa kuma ruwa kaɗan ya ke ɓata aikin, gama in tudun ya kwanta inuwa ta tafi. Masu son launi su kan sa na abinci, da kan tsinke, kaɗan-kaɗan, don ya kan ƙara duhu in ya bushe. Amma a gaskiya fari a kan fari ya fi kwarjini, yawan launi ya kan ɓoye aikin hannu.

Wasu Irin Ɗinki

Ba da burushi kaɗai a ke kwaikwayon ɗinki ba. Akwai mai jera gajerun layuka manne da juna har su cika ganye, kamar cikon alharini. Akwai mai gicciya layi biyu-biyu bisa ƙananan murabba'ai. Akwai kuma wani wanda Faransawa su ke kira ɗinkin Ingilishi: tun shimfiɗa tana da taushi a ɗauki tsinke mai tsabta a yi mata 'yan huji, sa'an nan a zagaye bakin ko wane huji da siririn layi. Duk wanda ya dubi wuyan babbar riga da kyau zai gane shi, gama maɗinkan Kano da Zariya ma su kan huda yadi su zagaye bakin hujin da zare.

Mutanen Ostareliya, waɗanda suka gaji al'adar kek daga Ingila, su suka yi suna wajen aiki mafi siranta. Su kan yi wata 'yar gada ta sukari kewaye da gindin kek, sa'an nan su saki zaren kwaɓi daga jikin kek zuwa bakin gadar, yana rataye a iska, ɗaya kusa da ɗaya, har ya zama kamar labule. Tsakanin zare da zare kada ya isa a sa wani. In hannu ya goga, goma su karye gaba ɗaya.

Ranar Biki

Riga in ba ta ƙare ba ran Salla, mai ita ya yi fushi, amma ya sa ta a wata Sallar. Kek ba haka ya ke ba. Ranar aure ɗaya ce, ba a ɗaga ta don fure bai bushe ba. Dole mai aiki ta ƙirga kwanakinta daga ranar biki ta komo baya: ran da za ta toya, ran da za ta yi rufin almon, ran da shimfiɗa za ta bushe, kwana nawa surfani zai ci.

Cikin 1947, sa'ad da Gimbiya Elizabeth za ta yi aure, ita ce wadda ta zama Sarauniya cikin 1952, ta kuma ziyarci Kaduna da Kano cikin 1956, Ingila ba ta gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Sukari da awo a ke sayar wa kowa, ba a daina ba sai 1953. 'Yan matan ƙungiyar sikawut na Ostareliya suka tara kayan kek suka aiko mata gudunmawa ta jirgin ruwa. Kamfanin McVitie and Price ya yi shi hawa huɗu, tsawonsa ƙafa tara, watau tsayin mutum ɗaya da rabi, nauyinsa laba 500. Cikin 2011 kuma, da jikanta Yarima William zai yi aure, wata gwana, Fiona Cairns, ta yi masa mai hawa takwas bisa hanyar Lambeth, da furanni da ganyaye na sukari wajen 900, iri 17. Ita da ma'aikatanta mako biyar suka yi a kansa.

Yanzu a Kano da Kaduna da sauran birane ma ana yin kek ɗin biki, masu yi kuwa suna fama da abin da na Ingila ba su cika fama da shi ba. Sukari abu ne mai jan ruwa daga iska, ku tuna yadda alewa ta ke yin danƙo da damina. A watan Agusta surfani ya kan ƙi bushewa, ko ya bushe ya sake yin taushi, launi ya zubo bisa fari. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙwarai, layi ya yi ɓawo tun ba a ɗauki burushi ba, dole a riƙa yin gajere-gajere. Firiji ma ba magani ba ne. In aka fito da kek mai sanyi cikin ɗaki mai zafi, sai ya yi gumi kamar kwalbar ruwan sanyi, gumin ya narkar da sawun burushi. Wuri busasshe a ke nema masa, cikin kwali, inda ƙura da ƙuda da tururuwa ba za su kai ba. In an tsira daga waɗannan duka, saura ɗauka a mota bisa hanya mai gargada, mai aiki tana riƙe da kwali, a jakarta kuwa ga mazurari da burushi, ko wani abu zai karye a gyara a can.

Gwaji

Ba sai da kek za ku koyi jan burushi ba, masu koyon sana'ar ma a kan faranti su ke farawa. Ku sami garin alli ko farar ƙasa, ku tankaɗe, ku kwaɓa da ruwa da ɗan jiƙaƙƙen ƙaro har ya yi kaurin man goge baki. Ku zuba a kusurwar leda, ku ƙulle, ku yanke ɗan tsinin da almakashi. Ku zana ganye a kan baƙin kwali ko allon makaranta. In babu burushi, gashin kaza ya isa, ko asawakin da aka tauna bakinsa ya yi laushi. Ku bi rabin bakin ganyen da layi, ku ja zuwa jijiyar tsakiya, sa'an nan ku yi ɗaya rabin. In ya bushe ku kai shi bakin taga, ku juya shi sannu-sannu, ku ga ta wace fuska ya fi kama da ɗinki. Wannan kwaɓi na kallo ne, kada kowa ya sa a baki.

Tambayoyi

1. Me ya sa farin kek ya zama alamar arziki a Ingila a zamanin da?
2. Wane aiki farin ƙwai ya ke yi a cikin kwaɓin sukari?
3. Don me a ke fara yin kunnen fure na baya kafin na gaba?
4. Me zai faru in burushi ya cika ruwa? In ya bushe ƙwarai fa?
5. Gwana ta kan yi fure ɗaya cikin minti 20. In kek yana da fure 36, awa nawa za ta yi?
6. Ku je wurin maɗinkin riga ko na hula a unguwarku, ku tambaye shi sunayen ɗinki uku, ku zana siffarsu a littafinku.